Turken Jirgi

Wannan makon zan ɗan ajiye maganar kuɗin makaranta da takardun zama, in ba ku labarin wani ƙaramin ƙarfe da ya hana ni barci a jihar Wisconsin.

Waɗanda suka saba da wannan shafi sun san ina karatun digiri na biyu a fannin injiniyan kanikanci, kuma ina cikin wata ƙungiyar masu koyon tuƙin jirgin sama a garin da nake. Jirginmu Cessna 172 ne mai kujeru huɗu, na haɗin gwiwa, kowa da kasonsa. A ƙarshen watan Yuli wani dattijo daga cikin matuƙanmu ya ɗauke ni zuwa Oshkosh, inda ake taron jiragen sama na shekara-shekara da ake kira AirVenture. Jirage sama da 10,000 kan sauka a yankin cikin mako guda. Yawancinsu ba su samun wuri a kan kwalta, sai a jera su a kan ciyawa, mai jirgi ya kafa tantinsa a gefen fiffike. Dokar wurin kuma ita ce kowane jirgi a ɗaure shi.

A filin da muka saba, zobban ƙarfe na nan a binne cikin siminti, sai dai ka zura igiya. A kan ciyawa kuwa babu komai, kowa ya zo da turkensa. Ni aka ba aikin shirya kayan, sai na sayi irin turken nan mai murɗi kamar na ɗaure kare a tsakar gida, domin ya fi arha kuma ba ya da nauyi. Na murɗa uku a ƙasa, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, ɗaya a wutsiya, na ɗaure igiyoyi na koma gefe ina jin na gama aiki.

Da yamma aka yi ruwa. Dattijon ya zo ya kama igiyar fiffiken hagu da hannu ɗaya, ya ja sama. Turken ya fito da dunƙulen laka a jikinsa. Bai ce mini komai ba, ya nuna jirgin da ke kusa da namu, wanda tazararsu ba ta wuce tsawon mota ɗaya ba.

Sai a lokacin lissafin da nake yi a aji ya zame mini gaskiya. Fiffike bai san ko jirgi na gudu ne ko iska ce ke bugowa ba. Abin da ya sani kawai shi ne iska na wucewa ta kansa. Cessna 172 kan ɗaga hanci ya tashi da gudun kusan kilomita 100 a awa. Hukumar yanayi ta Amurka kuwa tana kiran hadari mai tsanani da zarar iskarsa ta kai kilomita 93 a awa, kuma irin wannan hadari ba baƙo ba ne a lokacin zafi a tsakiyar ƙasar. Ƙari a kan haka, ƙarfin ɗagawar na ƙaruwa ne da ninkin gudun iskar a kan kansa: iska ta ninka sau biyu, ɗagawar ta ninka sau huɗu. Jirgin da ba kowa a ciki, nauyinsa bai fi kilo 760 ba. Hausawa na cewa iska na wahalar da mai kayan kara, to ƙaramin jirgi a fili kayan kara ne mai fiffike.

Shi ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba da shawarar cewa kowane turken jirgi mai inji ɗaya ya iya jure jan da ya kai kusan kilo 1,360, igiyar ma haka. Turken kare mai murɗi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, yana fita ne ta hanyar da ya shiga.

Daga cikin jakarsa dattijon ya fito da wani turke daban: ƙarfe mai ƙafa uku, ana buga doguwar ƙusa a kowace ƙafa da guduma, kowacce a karkace ta nufi wani ɓangare. In igiya ta ja sama, sai ƙusoshin su riƙe juna, domin ba za su iya fita a lokaci ɗaya ta hanya ɗaya ba. Ya sa na buga turakun a ɗan gefe da fiffike, ba daidai ƙarƙashin zoben ba, don igiyar ta tsaya a karkace. Ya duba zobban da ke jikin fiffike, ya ce a wasu jirage, irin na RV da mutane ke haɗawa da hannunsu, murɗa zoben ake yi a cire kafin tashi, kuma wanda bai murɗa shi har ƙarshe ba ya ɗaure igiya ne a banza. Muka kulle sitiyari don kada iska ta riƙa kaɗa fikafikan juyawa, muka sa katako a gaba da bayan tayoyi.

Cikin dare iska ta taso. Ina kwance a tanti ina jin igiyoyi na ƙara, ina tuna abin da ya faru a taron Sun 'n Fun a Lakeland ta jihar Florida a ƙarshen Maris na 2011, lokacin da guguwa ta ratsa filin ta kifar da jirage da dama, wasu a kan wasu. Da namu ya kuɓuce, ba kason 'yan ƙungiyarmu kaɗai zai lalace ba, har da jirgin maƙwabcin da matarsa da 'yarsa ke barci a tanti ƙarƙashin fiffikensa. Gari ya waye, turakun uku na nan daram.

Da na ba Baba labari a waya, dariya ya yi ya ce, "Kin manta turken dokin kakanki a Daura? Ba don doki kaɗai ake kafa shi ba, don gonar maƙwabci ne."

Ga ƙannena da ke makarantun tuƙi a Florida da Texas da Afirka ta Kudu: ranar da aka ce ku ɗaure jirgi a kan ciyawa, ku ja igiyar da ƙarfinku kafin ku tafi. In turken ya motsa, ku sake bugawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.