Asirin Mara Lafiya a Zamanin Wayar Hannu

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so ku yi tunanin wani abu. A ce wata rana da safe takarda ta zo daga Gwamnati, an umurci a rubuta sunayen dukan ɗaliban da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, watau HIV, a aika da su babban birni. Yaya zuciyar yaron da abin ya shafa za ta kasance a wannan rana?

Irin wannan ya taɓa faruwa a ƙasar Kenya. A shekarar 2015 Shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da umurni a tattara bayanan 'yan makaranta masu wannan ƙwayar cuta, da na masu riƙonsu, da na mata masu ciki da masu shayarwa. Nufinsa shi ne a san inda suke don a kai musu magani. Amma wata ƙungiyar kare haƙƙin marasa lafiya mai suna KELIN ta kai ƙara, kuma a watan Disamba na 2016 Babbar Kotu ta yanke hukunci cewa umurnin ya saɓa wa tsarin mulki, domin ya keta haƙƙin mutum na a rufa masa asiri. Da an fara tambayar yaran da iyayensu, da tun farko sun faɗi abin da kotu ta faɗa.

Wannan shi ne ra'ayina a taƙaice: duk abin da za a shirya domin masu wannan larura, to a shirya shi tare da su. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A yau maganar ta ƙara nauyi, saboda bayanan marasa lafiya sun bar takarda sun koma cikin kwamfuta da wayar hannu. Takarda tana zaune a ofishi guda, amma abin da ya shiga intanet kan iya zaga duniya kafin la'asar. A shekarar 2019 Gwamnatin Singafo ta sanar cewa bayanan mutum 14,200 masu ƙwayar cutar sun fita a intanet, har da sunayensu da adireshinsu. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Don haka ne wani bincike da aka fara a shekarar 2021 ya burge ni. An yi shi a ƙasashe uku masu nisa da juna, watau Ghana da Kenya da Biyetnam, a kan yadda matasa masu shekara 18 zuwa 30 suke neman bayanin lafiya ta waya. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, malaman jami'a ba su yi aikin su kaɗai ba. Ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar cutar da masu kare haƙƙinsu sun shiga aikin tun daga tsara shi, da tattaunawa da matasan, har zuwa nazarin amsoshin da aka samu. An buga sakamakon a shekarar 2023.

Matasan sun ce waya tana da amfani ƙwarai. Wanda yake jin nauyin tambayar ma'aikacin asibiti ido da ido yakan nemi amsa ta Google, ko ya shiga zauren WhatsApp inda irinsa suke ba juna shawara da ƙarfin zuciya. Amma sun kuma ambaci matsaloli: tsadar data, da bayanan ƙarya, da cin mutunci a dandalin sada zumunta, da tsoron kada asirinsu ya tonu.

Watakila wani ya ce, ai bincike aikin masana ne, mara lafiya nasa shan magani. Ban yarda ba, ga dalilaina. Na farko, mutum ya fi sakin jiki da wanda ya san irin abin da ke damunsa, saboda haka amsar da za a samu ta fi zama gaskiya. Na biyu, akwai abin da masani ba zai taɓa hangowa daga ofis ba. Misali, a gidaje da yawa nan ƙasarmu waya guda ce ake karɓa-karɓa tsakanin uwa da 'ya'ya. Idan asibiti ya aiko saƙon tuni na karɓar magani, wa zai fara karantawa? Wanda ya ƙirƙiro saƙon alheri ya nufa, amma mai karɓar maganin ne kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Na uku, da yake an yi aikin a ƙasashe dabam-dabam, an ga cewa kukan bai tsaya ga gari guda ba, kuma kamfanonin da ke riƙe da bayanan mutane su ma ba su san iyakar ƙasa ba.

Mu ma a Nijeriya muna da dokar 2014 da ta hana nuna wa masu wannan larura bambanci, da dokar 2023 ta kare bayanan jama'a. Amma doka ba ta iya kama bakin ɗalibi a ɗakin kwana. Mu sani cewa ba a ɗaukar wannan cuta ta musabaha, ko cin abinci a kwano guda, ko cizon sauro. Wasu yaran da ita aka haife su, kuma wanda ya riƙe magani yadda likita ya ce yakan yi tsawon rai, ya yi karatu, ya yi aiki kamar kowa.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu da hukumomin lafiya su riƙa jin ta bakin masu larurar kafin a yanke shawara a kansu. Ku kuma 'yan'uwana, in mun je hutu waya ta shiga hannunmu, muka ci karo da asirin wani, mu bar shi inda muka gan shi. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.