Alƙalin da Ya Ja Runduna Zuwa Sisili

Asadu ɗan Furatu, alƙalin Ƙairawan, ya kusa shekara saba'in lokacin da sarkin Aglabawa Ziyadatullahi ya damƙa masa rundunar da ta tashi daga Susa a shekarar 827 zuwa tsibirin Sisili. Malamin fiƙihu ne da ya yi karatu a gaban Imamu Maliku, kuma a kan littafinsa Asadiyya Malam Sahnunu ya gina littafin Mudawwana, wadda malaman ƙasar Hausa suka sani sarai. Jiragensa sun sauka a Mazara, ya fatattaki sojojin Rumawa masu riƙe da tsibirin a karon farko, sannan ya nufi birnin Sirakusa. Nan ne lissafi ya ɓaci, don ya tsaya sauraron tayin sulhu, Rumawa kuwa suka yi amfani da jinkirin suka ƙarfafa ganuwa, suka kwashe abinci zuwa ciki. Da ya kewaye birnin, yunwa ta kai mayaƙansa ga yanka dawakinsu, annoba ta biyo baya, ita ce ajalinsa a 828. Jarumtarsa ba abin musu ba ce, amma kewaye birni mai ganuwa da tashar ruwa sana'a ce dabam da shari'a. Sirakusa ba ta faɗi ba sai a 878.