Baƙi a Rundunar Sojan Amurka: Inda Takardar Zama Ɗan Ƙasa Ke Maƙalewa

A dokar Amurka, baƙon da ya yi shekara guda yana aikin soja ba tare da tabo ba na iya neman zama ɗan ƙasa, ba ya biyan ko sisi. A lokacin yaƙi ma babu wannan jira, kuma umarnin Shugaba Bush na 2002 ya ɗauki lokacin da ya biyo bayan 11 ga Satumba 2001 a matsayin na yaƙi.

A ofis ake samun cikas, domin sai rundunar ta sa hannu a fom ɗin shaidar hidima. A 2017 ma'aikatar tsaro ta gindaya sharaɗin kwana 180 kafin sa hannun, har kotun tarayya ta soke shi a 2020. Wanda ya ajiye kaki bai kammala neman ba, laifi guda kan iya jawo masa kora daga ƙasar da ya kare.

Iyalai sun fi rauni, don izinin zaman wucin gadi da ake ba mata da iyaye ganin damar jami'i ne. Batun ya shafi gida: a 'yan shekarun nan, haifaffun Najeriya da Ghana na cikin na gaba-gaba a jerin sojojin da aka bai wa takardar.