Malamin Kimiyya a Ƙuryar Duniya: Da Wace Hausa Zai Dawo Gazara?

A shekarun baya, daga 2007, wani shiri mai suna PolarTREC a Amurka ya riƙa ɗaukar malaman kimiyya daga azuzuwansu, yana haɗa su da ayarin masu bincike zuwa Alaska da Girinlan da Antaktika. Malami yakan yi makonni a sansani, ya haƙa ƙanƙara, ya auna sanyi, ya ɗebi samfurin ruwa da laka, ya kuma rubuta wa ɗalibansa labarin aikin kowace rana. Hikimar shirin ba ta wuce abin da Bahaushe ya daɗe da sani ba, wato gani ya kori ji. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, malamin kimiyya na wani gari irin Gazara a Ƙaramar Hukumar Maƙarfi ya cancanci irin wannan tafiya, amma ba za ta amfani ɗalibansa ba matuƙar babu kalmomin Hausa da zai dawo da ilimin a cikinsu. Samar da kalmomin kuwa nauyi ne a wuyan masana Hausa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa manomin rake na Maƙarfi, ko mai tumatir na Ikara da Kudan, da ƙanƙarar Girinlan? Damina ce ta haɗa su. Ruwan da ake shuka masara da dawa da shi a arewacin Kaduna, iska ce ke ɗauko shi daga Tekun Atilantika, kuma iyakar inda take kai shi ta dogara ga yadda zafi ya rarrabu a tekun. Idan ƙanƙarar Girinlan ta narke da yawa, ruwan da ba shi da gishiri yakan kwarara cikin arewacin tekun, ya raunana igiyar ruwan da ke kai ɗumi arewa. Arewacin tekun ya yi sanyi, sai layin ruwan sama ya ja da baya zuwa kudu. A 2017 Dimitri Defrance da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari na kwaikwayon yanayi da kwamfuta, wanda ya nuna cewa narkewa mai sauri a Girinlan na iya rage damina a yankin Sahel, ta kuma taƙaita ƙasar da gero da dawa za su iya yi. Hasashe ne na bincike, amma ya isa ya sa mai gona ya kasa kunne.

Ita ƙanƙarar kuma kundin tarihi ce. Kowace shekara takan ajiye shimfiɗa guda, da ƙura da ƙananan kumfan iskar wannan zamani a kulle cikinta. Ƙanƙarar da aka haƙo a Vostok ta ba da labarin shekaru kusan 420,000, wadda aka haƙo a Dome C kuma ta kai 800,000. Daga irin wannan aiki aka san cewa iskar kabon da ke dumama duniya tana wajen kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu, alhali yanzu ta haura 420. Afirka ma tana da nata kundin, domin a shekarar 2000 Lonnie Thompson da ayarinsa sun haƙa ƙanƙarar Dutsen Kilimanjaro, suka ga alamun wani dogon fari da aka yi shekaru kusan 4,000 da suka wuce. Malamin da ya riƙe irin wannan samfuri da hannunsa ba zai koyar da darasin kamar mai haddar littafi ba.

To amma a ƙaddara ya je, ya dawo, ya tsaya gaban 'yan aji a Gazara. Kalmar da za ta fara ba shi matsala ita ce ƙanƙara. A wurin ɗalibinsa, ƙanƙara ita ce wadda ke faɗowa da ruwan sama ta farfasa ganyen masara, ita ce kuma wadda ake saye a sanyaya kunun zaƙi da azumi. Malamin kuwa yana son ya bambanta aƙalla abubuwa huɗu: dusar ƙanƙara, da ƙanƙarar da ta daskare a saman teku, da wadda ke gangarowa a hankali tsakanin tsaunuka kamar kogi, da makekiyar shimfiɗar da ta lulluɓe ƙasa. Bambancin yana da nauyi. Wadda ke yawo a kan teku, narkewarta kusan ba ta ƙara tsayin ruwa, kamar yadda ƙanƙarar cikin kofi ba ta sa shi ya tumbatsa. Ta kan ƙasa kuwa, da ta Girinlan kaɗai za ta narke ƙarƙaf, da teku ya ƙaru da kimanin mita 7. Ɗalibin da ya ji kalma ɗaya tak a duk wuraren ba zai gane wadda ake tsoro ba.

Haka kalmar yanayi take. Da ita ake fassara halin da sama ta wayi gari da shi yau, da ita kuma ake fassara ɗabi'ar da wuri ya saba da ita cikin shekaru talatin ko fiye. Shi ya sa manomi kan ji ana maganar sauyin yanayi a rediyo, ya ɗauka juyawar da aka saba ake nufi, daga bazara zuwa damina, daga kaka zuwa hunturu. Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage, domin ta bambanta yayyafi da marka, ta san hazo da raɓa da fari. Abin da ya rage shi ne a zauna a keɓe kalma ga kowace ma'ana, kamar yadda aka yi wa nazarin harshe da adabi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990.

Akwai kuma tambayar da ɗalibin Gazara zai yi, wadda littafin kimiyya bai tanadi amsarta ba: a ƙasar da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba, yaya ake sallah da azumi? Tsohuwar mas'ala ce a fiƙihu, kuma tun a shekarar 922 Ibn Fadlan ya ba da labarin gajartar dare a ƙasar Bulgar da ke bakin Kogin Bolga. Malamin da ya tashi cikin wannan al'ada ne zai iya shiga ta ƙofar wannan tambaya ya koyar da karkatar duniya da zagayenta.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. Makarantun karkara da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, wasu ko kujeru ba su wadata ba, don haka kuɗin jirgin mutum ɗaya zuwa ƙuryar duniya na iya zama almubazzaranci. Gaskiya ne, idan tafiyar ta ƙare a hotuna. Sai dai irin wannan gurbi yakan zo ne daga aljihun masu binciken, ba daga kasafin makaranta ba, kuma hanyar ba ta da nisan da ake zato, tunda Afirka ta Kudu tana da sansani a Antaktika, jirgin ruwanta kuma yana tashi daga Cape Town duk shekara. Sharaɗin da ya kamata a gindaya shi ne malamin ya dawo da tsarin aiki, ya kafa ma'aunin ruwan sama a harabar makaranta, ɗalibai su riƙa rubuta ranar ruwan fari da ta ruwan ƙarshe, a kwatanta da bayanan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana tarawa.

Nan ne masana Hausa ke da abin bayarwa wanda mai haƙar ƙanƙara ba shi da shi. Al'umma tana da nata kundin a baka: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1973, da na 1984, da abin da dattawa ke tunawa game da fadamun da suka ƙafe. Ya kamata sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero su haɗu da sassan nazarin ƙasa da malaman sakandare, a tattara wannan tarihi, a kuma fitar da jerin kalmomin yanayi da aka gwada a aji kafin a buga. Wannan aiki ba ya jiran wani ya hau jirgi. Idan aka yi shi, duk ranar da malamin Gazara ya samu gurbin tafiya, zai dawo ya tarar da kalmomin da zai yi wa ɗan manomin rake bayani da su.