Kafin ka ce matarka juya ce, kai an duba ka?

Jama'a, ku yi haƙuri, yau maganar tana da ɗan nauyi da tsawo.

Wani abokin aikina ya shekara 8 da aure babu haihuwa. Matarsa ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta zagaya asibitoci har ta gaji. A gidansu har an fara nemo masa ta biyu. Shi kuwa gogan bai taɓa zuwa an duba shi ba, don a ganinsa tunda yana iya kwanciyar aure, lafiyarsa ƙalau. Sai da wata likita ta ce ba za ta ƙara rubuta wa matar komai ba sai ta ga sakamakon mijin. Da aka gwada, ƙwayoyin maniyyinsa suna nan da yawa, amma mafi yawansu ba sa tafiya gaba. Da izininsa nake ba da labarin.

Mu maza sai mun gane cewa ƙarfin kwanciya daban, lafiyar maniyyi daban. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin su riƙa ninƙaya gaba. In sun gaza haka sosai, isa ga ƙwan mace yakan yi wuya. Kuma maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika a tasha ba ya gyara wannan. Allurar sinadarin maza da wasu ke yi ma rage ƙwayoyin take yi.

Abin da na koya daga wannan lamari shi ne, a ɗakin gwaje-gwaje ana iya tace maniyyi a ware masu kuzari. Hanya ta farko, a zuba wani ruwa na musamman a saman maniyyin cikin 'yar kwalba, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum kamar awa ɗaya. Masu ƙarfi sai su yi iyo su hau sama, a kwashe su. Matsalarta, in masu motsin kaɗan ne, abin da za a samu ba ya da yawa. Hanya ta biyu, a jera ruwa hawa biyu, mai kauri a ƙasa, a ɗora maniyyin a kai, a sa a na'ura mai juyawa da sauri. Lafiyayyun su taru a ƙasa, matattu da datti su tsaya a sama. Ita aka fi zaɓa wa mai raunin motsi.

Daga nan sai a zuba waɗanda aka tace kai tsaye cikin mahaifa a lokacin da ƙwai ya fito, shi ne IUI. In raunin ya yi tsanani, akwai ICSI, inda ake ɗaukar ƙwaya ɗaya tak a cusa cikin ƙwan da siririyar allura. Tun 1992 aka fara haihuwa ta wannan hanya a Beljiyam. Malaman fiƙihu da dama sun halatta, muddin maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma auren na nan.

Ba na cewa duk wanda ya yi zai samu. Haihuwa ta Allah ce, ana yi a dace, ana yi a rasa, kuma ICSI ya fi ƙarfin albashin irinmu. Amma gwajin farko ba shi da tsada haka. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ka ba da samfur, shi ke nan. In ya fito da matsala, a maimaita bayan kamar wata 3, domin kusan tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan ya haɗa sababbin ƙwayoyi. Wani ma kumburin jijiyoyin maraina ne ko ciwon sanyi, ana magance shi.

A ra'ayina, duk gidan da aka shekara ɗaya babu ciki, miji da mata su je asibiti tare. Zalunci ne a bar 'yar mutane tana shan gori daga dangin miji shekara da shekaru alhali ba a duba ɗansu ba. In ka ƙara aure ma, matsalar tana jikinka, za ta bi ka ɗakin amarya.

Abokin nawa yanzu suna shirin gwada IUI karo na biyu, na farko bai kama ba. Amma ya je da kansa ya faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya, maganar kishiya ta mutu.

Ku sa su a addu'a. Allah Ya ba duk mai nema zuri'a ɗayyiba.