Wa ya ce babu jan duniya a sama?

Duk sanda aka nuno 'yan sama-jannati suna shawagi a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, sai wani ya gyara murya ya ce ai can babu ƙarfin jan duniya. Mai gabatar da shiri ya faɗa, malami ya maimaita a aji, yaro ya haddace. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma abin da ke ƙona mini rai, masu yaɗa ta sun yi karatun da ya isa ya hana su.

Tashar nan tana sama da mu da kimanin kilomita 400, kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Duniyar da ta riƙe wata daga nisan kilomita 384,000, ita ce za ta gaza a kilomita 400? Haba! Jan da ke can ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a ƙasa. Mutanen nan faɗowa suke yi, su da tashar gaba ɗaya, sai dai gudun kusan kilomita 28,000 a awa yana sa su zagaye duniya cikin minti 90 ba tare da sun taɓa ƙasa ba. In ɗayansu ya hau sikeli, sikelin ma faɗowa yake tare da shi. Me zai danna?

Tushen ruɗanin shi ne an cakuɗa abu biyu. Akwai mas, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, ana auna shi da kilo. Akwai nauyi, wato ƙarfin da duniya ko wata ke jan jikin da shi, ma'auninsa Niwton. Tun 1901 babban taron ma'aunai na duniya ya raba wannan gardama a Faransa. Mu har yau muna kan ta.

Ɗauki buhun shinkafa mai kilo 50. A nan duniya tana jansa da Niwton 490. Kai shi kan wata, inda jan bai wuce kashi ɗaya cikin shida ba, yaro ma ya ɗaga shi, don zai ji shi kamar kilo 8. Amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba, bakin da zai ci nan shi zai ci can. In kuma aka wurgo maka shi da gudu a kan watan, zai kayar da kai, domin wuyar tsayar da abu mai tafiya daga mas take. Wannan ɓangaren ne ba a koyarwa, alhali shi ne zuciyar maganar. Da shi 'yan sama-jannati ke duba ko sun rame: na'ura ta motsa mutum da ƙarfin da aka sani, a ga yadda jikinsa ke turjewa.

Ba sai an je wata ba ma. A 1672 Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Paris zuwa Cayenne, kusa da layin Ikwaita, ya tarar yana lattin kimanin minti biyu da rabi kullum, saboda jan can ya fi rauni. Sikeli mai sifirin da aka saita a Kano, in aka kai shi Oslo, zai ƙara wa buhun nan kusan giram 200. Ma'auni mai kwano biyu kuwa ko a kan wata ba ya kuskure, don jan ɗaya ne a kwanukan biyu.

To me ake ba yaranmu? Layi biyu a allo: mas ba ya canzawa, nauyi yana canzawa. Su kwafa, su zuba a takardar jarrabawa, su fito. Tambayi mai sakamako mafi kyau dalilin shawagin, ka ji ya ce babu jan duniya.

Kada kowa ya kawo mini uzurin rashin ɗakin gwaji. Na san makarantu da yawa ko kujeru babu, amma wannan darasin robar ruwa kawai yake buƙata. Malam, huda ta a gindi, ka cika ta, ruwa na tsiyaya. Hau kan tebur ka sake ta. Muddin tana faɗowa tsiyayar za ta tsaya, ga jan duniya kuma yana nan bai je ko'ina ba. Sannan ka tambayi ajin dalili, kuma kada ka rubuta musu amsar a allo.