Ranar 18 ga Disamba da Kaburburan da Muka Manta

Duk shekara, in hunturu ya kama kuma an kammala girbi, Nijar takan yi bikin 18 ga Disamba don tunawa da kafa Jamhuriya a 1958. Daga 2006 aka shiga zagayawa da bikin jiha-jiha, kuma Damagaram ta karɓi baƙuncinsa sau biyu, a 2006 da 2018. An shimfiɗa kwalta, an gina masaukan baƙi, an yi fareti da dogayen jawabai. Amma mahukunta nawa ne suka taka zuwa maƙabarta don yi wa marubutan ƙasar nan addu'a?

Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya kuma ɗan gwagwarmayar Sawaba, ya ɗanɗani gudun hijira da gidan kaso. A 1980 ya wallafa Sarraounia, littafin da ya kai sunan jarumar Lugu duniya, har Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Ya rasu a 1993 cikin hatsarin mota, yana kan hanyar Yamai don karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Yau ɗalibi nawa ne a Magariya ko Dungas zai iya faɗin inda aka rufe shi? Haka abin yake ga Ibrahim Issa, ɗan Gure, wanda ya rasu a 1986.

Wasu za su ce wannan ɗabi'ar Nasara ce, irin ta Faransawa masu kai furanni maƙabartar Père-Lachaise a farkon Nuwamba. Hujjar ba ta zauna ba. Gaskiya ne Musulunci ya hana ƙawata kabari da neman biyan buƙata wurin mamaci, amma ya kwaɗaitar da ziyara da addu'a. Maƙwabtanmu ma sun riga mu. A Sakkwato, Nana Asma'u, mawaƙiyar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kwance a Hubbare kusa da mahaifinta Shehu Usmanu, kuma maziyarta ba su yanke ba. A Katsina, maƙabartar Ɗan Marina tana ɗauke da sunan malami mawaƙi na ƙarni na 17, kuma a can aka rufe shugaba Umaru Musa Ƴar'aduwa a 2010. Wannan gadonmu ne, ba kayan aro ba.

A karkara lamarin ya fi muni. Yankin Magariya na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar, gona ta yi tsada, gado na ta rarrabuwa. Maƙabartar da ba ta da shinge ba ta da takarda, kowace damina sai hauya ta ɗan gutsire ta. A ƙauyukan Kwaya akwai marubutan da ba su taɓa shiga lakwal ba: malaman tsangaya da suka rubuta Alƙur'ani da ka, suka tsara waƙoƙin wa'azi da ajami. In malami ya rasu, gara ta ci takardunsa, gona ta ci kabarinsa, me ya rage?

Maganin ba ya buƙatar tallafin ƙetare. Kowace ƙaramar hukuma ta haɗa kai da sarakunan gargajiya da limamai, a shata iyakar tsofaffin maƙabartu, a kewaye su da aguwa ko itatuwa, a rubuta su cikin kundin filaye. A tambayi dattawa sunayen malaman da ke kwance ciki tun suna da rai, domin tambaya ga tsoho tana da wa'adi. Sannan a ware safiyar 18 ga Disamba don shara da addu'a a maƙabarta, da yamma a karanta wa yara ayyukan waɗannan bayin Allah.

Kuɗin wannan aiki bai kai na fentin dandalin fareti guda ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne niyya. Ƴan siyasa sun san mamaci ba ya jefa ƙuri'a, shi ya sa ba ya cikin kasafinsu. To, su tuna cewa makwancin da suka bari gona ta cinye, nan ne su ma za a kai su.